The Walking Dead na kamfanin Telltale: wasan da ke auna yarda tsakanin mutanen da tilas ta haɗa

Kamfanin Telltale Games, wanda a lokacin yake da mazauni a jihar Kalifoniya ta Amurka, ya fitar da zangon farko na wasan bidiyon The Walking Dead kashi-kashi har biyar, daga watan Afrilu zuwa Nuwamba na shekarar 2012. An ɗauko duniyar labarin daga jerin littattafan zane na Robert Kirkman da suka fara fitowa a 2003, amma kusan duk mutanen da ke cikin wasan sababbi ne, marubutan kamfanin ne suka ƙirƙire su. Kowane kashi yakan ci kamar awa biyu. A yanzu hanyar da ta fi sauƙi a same shi ita ce ta cikin kundin The Telltale Definitive Series, wanda kamfanin Skybound ya fitar a 2019 bayan durƙushewar Telltale a 2018, kuma kundin ya haɗa zango huɗu na wasan wuri guda. Wannan sharhi ya tsaya ne a kan zangon farko kaɗai, kuma ya kamata mai karatu ya sani tun yanzu cewa zan tona wasu abubuwan da suka faru a tsakiyar labarin, domin ba zai yiwu a tattauna batun yarda da zargi a cikinsa ba tare da an faɗi wanda ya ci amanar wani ba.

Mai wasa yana riƙe da Lee Everett ne, malamin tarihi a Jami'ar Jojiya, wanda kotu ta ɗaure bisa laifin kashe wani ɗan majalisar dattawan jiha da ya kama tare da matarsa. Ana kan hanyar kai shi gidan yari a motar ɗan sanda annoba ta ɓarke, matattu suka fara tashi suna cin masu rai, motar ta faɗi, shi kuma ya tsira da rauni a ƙafa. A wani gida da ke kusa ya tarar da Clementine, yarinya 'yar shekara 8 wadda iyayenta suka yi tafiya zuwa birnin Savannah ba su dawo ba, daga nan ya ɗauki nauyinta. Wannan zaɓi na marubutan shi ne ginshiƙin komai, domin sun miƙa wa mai wasa mutumin da ke ɗauke da sirri tun kafin ya buɗe baki, kuma duk wanda zai haɗu da shi a hanya yana da dalilin da zai tambayi abin da ya haɗa wannan baƙo da yarinyar da ba 'yarsa ba.

Yadda ake buga wasan ba shi da wahala. Mafi yawan lokaci hira ake yi, inda amsoshi uku ko huɗu suke bayyana a ƙasan allo, ga kuma wani ɗan layi da ke raguwa yana nuna lokacin da ya rage. Idan mutum ya yi jinkiri har layin ya ƙare, Lee zai yi shiru, kuma shirun ma amsa ce da ake lissafawa. Bayan wasu amsoshin sai rubutu ya fito a saman allo yana cewa wane ba zai manta da wannan ba, ko wance ta lura da abin da ka faɗa. Gwaji na farko yana zuwa ne a gonar wani dattijo mai suna Hershel, wanda ke ɗaure wa Lee raunin ƙafarsa yana yi masa tambayoyi kamar na hira: daga ina ya fito, yaya aka yi ya ji ciwo, da wa yake tafe. Mai wasa yana da damar faɗin gaskiya, ko ya rufe rabi, ko ya shara ƙarya, kuma dattijon yana kallon fuskarsa yana haɗa maganar yanzu da ta ɗazu. Washegari sai ya ja shi gefe ya nuna masa cewa ya gane inda zancen ya karkace. Babu wanda ya mutu saboda wannan ƙarya, labarin ma bai sauya hanya ba, amma daga wannan lokaci mai wasa yakan fara auna kowace kalma kafin ya danna.

A garin Macon, cikin kantin maganin da ya kasance mallakar iyayen Lee, a nan ne jama'ar da za a yi tafiya da su suka haɗu, kuma a nan aka shuka rigimar da za ta bi su har ƙarshe. Akwai Kenny, masunci daga jihar Fulorida, tare da matarsa Katjaa, likitar dabbobi, da ɗansu da ake kira Duck. Akwai Lilly, wadda ta ɗauki ragamar shugabanci, da mahaifinta Larry, mutum mai zafin rai da ciwon zuciya. Da Larry ya ga jini a jikin Duck sai ya dage cewa an cije shi, a fitar da shi waje kafin ya rikiɗe, Kenny kuwa ya tsaya a kan cewa sai dai a bi ta kan gawarsa. Babu wanda ya san gaskiya a wannan daƙiƙa, har da mai wasa, amma dole ya goyi bayan ɗaya ko ya yi ƙoƙarin raba faɗa. Sai kuma ga Carley, 'yar jarida, wadda ta gane Lee tun kallon farko saboda ta san shari'arsa, ta kuma zaɓi ta rufa masa asiri. Larry ma ya gane shi, shi kuwa sai ya mai da sanin makami. Sirri ɗaya ne a hannun mutum biyu, ɗaya ta riƙe shi amana, ɗayan ya riƙe shi barazana, kuma wasan bai tsaya yin wa'azi a kan bambancin ba, ya bar mai wasa ya ji nauyinsa a duk lokacin da su biyun suka kalle shi.

Kashi na biyu ne, a ganina, ya fi duk sauran kyau, kuma shi ne dalilin da ya sa har yanzu ake maganar wannan wasa. An tsallaka wata uku, jama'ar suna zaune a wani masaukin matafiya da suka kewaye da shinge, abinci ya kusa ƙarewa. Lilly ta gaji da zargin da ake yi mata na son kai wajen rabo, sai ta miƙa wa Lee abinci guda huɗu, wato rabin tuffa da ɗan busasshen nama da ƙunshi biyu na biskit da cuku, ta ce ya raba wa mutum goma. Mai wasa yana zagayawa da abincin a hannu, kowa yana kallonsa, wani ya karɓa da godiya, wani ya ce a fara ba yara, wani kuma ya yi shiru amma ya ƙullaci abin. An ce ba a san maci tuwo ba sai miya ta ƙare, kuma wannan ɗan fage da ba ya wuce mintuna kaɗan ya nuna halin kowa fiye da dogon jawabi.

Ana cikin wannan yunwa sai ga wasu 'yan'uwa biyu, Andy da Danny na gidan St. John, sun zo neman man fetur, suna cewa suna da gonar shanun madara da ke kewaye da waya mai lantarki, kuma za su ba da abinci a madadin man da janaretonsu ke sha. Gonar kore shar, ga mahaifiyarsu Brenda mai fara'a ta kawo kwandon burodi, ga lilo ga yara. A nan marubutan suka yi wayo: sun san mai wasa zai yi shakka, don haka suka ba shi hanyoyin bayyana shakkar. Zai iya ɓoye adadin mutanensa idan aka tambaye shi, zai iya ƙin faɗin wanda ke shugabanci, zai iya tambayar dalilin da ya sa aka garƙame wata ƙofa a bayan garken. Kenny yana zuga shi ya bincika, Lilly tana cewa kada a ɓata wa masu masauki rai a rasa tuwon dare. Abin da ya sa fagen ya yi ƙarfi shi ne cewa shakkar mai wasa ba ta da amfani muddin cikin yara babu komai. Ya ga alamu, ya san akwai lauje cikin naɗi, amma ba shi da wani wurin da zai kai jama'arsa. Da gaskiya ta fito, wato cewa naman da aka jera a teburi na abokin tafiyarsu ne Mark, wanda aka ce ana jinyarsa a ɗakin sama saboda raunin kibiya da ya samu, sai mutum ya tarar da kansa yana gudu zuwa wurin cin abinci don ya hana Clementine kai loma baki.

Daga nan aka kulle su a ɗakin sanyi na ajiye nama, zuciyar Larry ta buga, ya faɗi. Kafin wannan lokaci wani ɗan makaranta mai suna Ben ya riga ya sanar da su cewa duk wanda ya mutu zai tashi, ko an cije shi ko ba a cije shi ba. Lilly ta durƙusa tana danna ƙirjin mahaifinta tana roƙon a taimake ta, Kenny kuwa yana cewa mutumin ya riga ya mutu, kuma nan da ɗan lokaci za su kasance a kulle da ƙaton da ba wanda zai iya riƙewa. Ko Lee ya taimaki Lilly ko ya riƙe ta, ƙarshen ɗaya ne, Kenny zai ɗauki dunƙulen gishirin lasar shanu ya fasa kan Larry. Abin da ke sauyawa shi ne wanda zai ci gaba da kallon Lee a matsayin ɗan'uwa da wanda zai ɗauke shi maƙiyi.

A nan ne kuma nake da ƙorafina mafi girma. Wasan ya ɗora wa wannan zaɓi guda nauyin da ya wuce kima a lissafin Kenny. Mutum zai iya kare ɗansa a kantin magani, ya ciyar da iyalinsa daga abinci huɗun nan, ya goyi bayansa a gardama bayan gardama, amma idan ya ƙi sa hannu a kisan Larry, Kenny zai yi ta yi masa gori da kallon banza na tsawon lokaci, har ya yi jinkirin kai masa ɗauki a wurin da rai ke cikin haɗari. Wasu za su ce ai haka halin Kenny yake, mutum ne da ba ya ganin tsaka-tsaki, ko kana tare da shi ko kana gaba da shi, kuma akwai gaskiya a wannan. Sai dai akwai wuraren da yake furta cewa ba ka taɓa tsaya masa ba, alhali mai wasa yana sane da sau nawa ya tsaya masa, kuma a irin wannan lokaci abin da ake ji shi ne kuskuren lissafin na'ura, ba taurin kan ɗan Adam ba.

Kashi na uku ya juya zargin zuwa cikin gida. Lilly ta lura magunguna suna raguwa, ta tabbata akwai ɓarawo a tsakaninsu, ta ɗora wa Lee binciken. A daidai wannan lokaci Carley, idan tana raye (domin a kashi na farko dole mai wasa ya zaɓi ceton ita ko wani abokin tafiya mai suna Doug), takan ba Lee shawara ya faɗa wa mutane tarihinsa da bakinsa kafin su ji daga wani, kuma mai wasa ne zai zaɓi wanda zai tunkara: Kenny, ko Katjaa, ko Ben, ko ita kanta Clementine. Wannan yana cikin wuraren da zaɓi ya biya, domin daga baya Lilly za ta fasa ƙwan a bainar jama'a, kuma martanin Kenny ya danganta da ko ya riga ya ji daga bakin Lee. Binciken ya gano cewa wani yana ajiye wa 'yan fashin daji magani a ɓoye. Bayan an kai musu hari sun gudu a mota, sai motar ta tsaya a gefen titi cikin dare, Lilly ta shiga tuhumar mutane ɗaya bayan ɗaya, muryoyi suna hawa, har ta zaro bindiga. Idan Carley ce a wurin, ita take harbewa, alhali ba ta da laifi. Idan Doug ne mai wasa ya ceta a kashi na farko, Ben ta nufa, Doug ya tare harsashin. Hausawa suna cewa zato zunubi ne ko da ya zama gaskiya, kuma da wuya a samu misalin da ya fi wannan: Lilly ta yi daidai da ta ce akwai maci amana, domin daga baya Ben ya amsa wa Lee cewa shi ne, kuma tsoro ne ya sa shi, amma tabbacin da ta yi ba tare da hujja ba ya kashe wanda bai ji ba bai gani ba, ya kuma raba ta da jama'ar baki ɗaya. Daga wannan lokaci Lee ya koma mai ɗauke da sirrin wani, domin harin da cinikin Ben ya jawo shi ne sanadin cizon da matacce ya yi wa Duck, kuma Kenny bai sani ba.

Kashi na huɗu, wanda ke faruwa a Savannah, ya fi sauran rauni a wajen tsari. An cika shi da neman batir da man jirgin ruwa da yawo a cikin magudanar ƙasa, kuma sababbin mutanen da aka shigo da su, irin su Molly da likita Vernon, ba su samu isasshen lokacin da za a san su ba. Ƙarshensa ne ya cece shi. An sace Clementine, bayan an gano cewa ta daɗe tana magana a ɓoye da wani baƙo ta wayar oba-oba da take yawo da ita, mutumin da ya yaudare ta da cewa iyayenta suna wurinsa. Lee kuma ya samu cizo a hannu, sai wasan ya tambayi mai wasa ko zai nuna wa abokan tafiyarsa ko zai ja hannun riga ya rufe. Daga nan kowa zai faɗi ko zai bi shi neman yarinyar: Christa da Omid waɗanda suka haɗu da su a hanya, da Kenny, da Ben idan bai mutu ba. Zai yiwu duk su bi shi, zai yiwu kuma ya tafi shi kaɗai, gwargwadon abin da ya shuka tun daga kashi na farko. Wannan shi ne lokacin da alƙawarin wasan, na cewa zaɓin mai wasa ne ke tsara labarin, ya fi kusa da cika, kodayake ba a daɗe a kashi na biyar ba aka sake haɗa kowa wuri guda.

Wannan ya kawo mu ga tambayar da duk mai son sayen wasan zai yi, wato ko da gaske labarin yana rassa. Amsar gaskiya ita ce rassan gajeru ne, kuma kusan duk suna komawa ga kututture ɗaya. Ɗan Hershel zai mutu ko wa ka yi ƙoƙarin ceta. Kayan abincin da aka tarar a wata mota da aka bari a daji za a kwashe su ko ka yarda ko ka ƙi. Lilly za ta fita daga labarin ko ka bar ta a titi ko ka ɗauke ta. Wanda ya saba da wasa irin Detroit: Become Human na kamfanin Quantic Dream na Faransa, wanda ya fito a 2018 kuma yake nuna taswirar hanyoyin da aka bi da waɗanda aka bari a ƙarshen kowane babi, har manyan jarumai suna iya mutuwa labari ya ci gaba ba su, zai ga cewa na Telltale kusan miƙaƙƙen titi ne. Rubutun nan da ke cewa wane ba zai manta ba, wani lokaci ba ya haifar da komai illa jimla ɗaya da za a sauya a gaba. Saboda haka shi ma mai wasa yana da dalilin yi wa wasan irin kallon da Hershel ya yi wa Lee.

Duk da haka ban ɗauki wannan a matsayin yaudara ba, domin abin da wasan ya ba mutum iko a kai shi ne irin mutumin da Lee zai kasance a idon waɗanda ke kewaye da shi, musamman a idon yarinyar da ke tsaye tana kallo a lokacin da yake yanke shawarar kashe Danny ko ƙyale shi, ko kuma kwasar kayan da ba nasa ba. A kashi na ƙarshe baƙon da ya sace ta, wanda ashe shi ne mai motar da aka kwashe, yana zaunar da Lee a ɗakin otal ya karanto masa ayyukansa ɗaya bayan ɗaya, kuma jerin ya bambanta daga mai wasa zuwa mai wasa. Aikin masu murya ya taimaka ƙwarai wajen sa a yarda da wannan alaƙa, musamman Dave Fennoy a matsayin Lee da Melissa Hutchison a matsayin Clementine, kuma ba abin mamaki ba ne da wasan ya lashe kyautar gwarzon wasan shekara a bikin kyaututtukan wasannin bidiyo na Spike na 2012. Akwai kuma allon da ke fitowa a ƙarshen kowane kashi yana nuna kaso nawa cikin ɗari na masu wasa suka zaɓi irin abin da ka zaɓa, wanda yakan sa mutum ya sake tunani idan ya ga yana cikin 'yan tsiraru.

Ta fuskar sana'a shekaru sun nuna a jikinsa. Motsin mutane yana da tauri, hoto yakan ɗan tsaya idan ana sauya fage, wuraren harbi da danna maɓalli da sauri ba su da wani armashi, kuma 'yan matsalolin da ake warwarewa, irin tada injin jirgin ƙasa a kashi na uku, suna rage wa labarin gudu ne kawai. Zanen da aka yi shi da kauri kamar na littafin zane ya taimaka wajen rufe tsufan, kuma ba ya buƙatar kwamfuta mai tsada. Muryoyin duk da Ingilishin Amurka ne, babu fassarar Hausa, kuma tunda lokacin amsa gajere ne, wanda karatun Ingilishinsa bai yi sauri ba zai riƙa rasa damar magana. Kunna rubutun ƙasan allo yana rage wannan matsala. Wajibi ne kuma a faɗa cewa wasan na manya ne: akwai jini da yawa, da ashar, da cin naman mutum, da mutuwar yaro, don haka bai dace a bar shi a hannun ƙananan yara ba duk da cewa yarinya ce a tsakiyar labarin.

Wanda ke neman wasan da zai buga sau biyar ya ga ƙarshe biyar daban, ya nemi wani. Wanda kuwa ke son labarin da zai sa shi ya tsaya yana tunanin ko ya faɗa wa Kenny gaskiya game da Ben, wannan ya cancanci kuɗinsa, musamman a cikin kundin 2019 da ya haɗa sauran zangunan. Shawarata ga sabon mai wasa ita ce ya zaɓi tsarin allo mara sanarwa da ake bayarwa a farko, wanda ke kashe rubutun da ke faɗa masa wa ya lura da wa ya ji haushi, ya kuma guji komawa baya don gyara zaɓi, domin a haka ne zai dogara da fuskokin mutanen da muryoyinsu wajen gane wanda ya yarda da shi.